Tsunduma cikin tanis na ƙwararru ko biyawa ta jami'ar Amurka: wanne ya fi wa matashin ɗan wasa?

A watan Fabrairun 2024 wani yaro ɗan Burazil mai shekara 17, João Fonseca, ya kai wasan dab da na kusa da na ƙarshe a gasar Rio. A lokacin gurbinsa na jiransa a Jami'ar Virginia da ke Amurka, ya riga ya ba su alkawarin zai zo. Ba a jima ba ya sanar cewa ya fasa, zai rungumi tanis a matsayin sana'a gadan-gadan. Shekara guda bayan nan ya ɗaga kofinsa na farko na ATP, hukumar manyan gasannin ƙwararrun maza, a Buenos Aires. A watan Oktoban 2025 kuma, Valentin Vacherot na ƙasar Monako, mai shekara 26, wanda ya yi samartakarsa yana buga wa Jami'ar Texas A&M wasa, ya shiga gasar Shanghai ta ƙofar share fage yana na 204 a duniya. Ya doke Novak Djokovic a wasan kusa da na ƙarshe, ya kuma fito da kofin. Wanda ya buge a wasan ƙarshe ɗan uwansa ne, Arthur Rinderknech, shi ma tsohon ɗalibin wannan jami'a.

Duk iyayen da ke da yaro ko yarinya mai hannu a tanis, da zarar an kusa gama sakandare, sai sun tsaya a wannan mararraba. Kuma kowane ɓangare yana da sunayen da zai kafa hujja da su. Matsalar ita ce sunayen da ake kawowa na waɗanda suka kai gaci ne, alhali shawarar da za a yanke ta shafi yaron da ba a san ko zai kai ba. Don haka ni na fi so a fara da wata tambaya ta daban: tsakanin shekara 18 zuwa 22, lokacin da ɗan wasa zai sha kaye fiye da yadda zai ci, wa zai riƙa biyan kuɗin wannan kayen?

Tsanin da ake hawa

Tanis ba irin ƙwallon ƙafa ba ne da kulob zai saye ka, ya sa maka albashi, ya ɗauki nauyin jirgi da likita. Ɗan tanis ɗan kasuwar kansa ne. Shi ke biyan kocinsa, shi ke sayen tikitin jirgi, shi ke biyan mai ɗaure masa zaren raket, kuma ƙasar da ya ci kuɗi a cikinta takan cire harajinta kafin kuɗin su shigo hannunsa. Idan ya ji rauni ya kwanta wata uku, babu abin da ke shigowa.

Matakin ƙasa shi ne gasannin ITF, hukumar tanis ta duniya, waɗanda ake kira M15 da M25 a ɓangaren maza, W15 zuwa W100 a ɓangaren mata. Sama da su akwai Challenger na maza da WTA 125 na mata (WTA ce hukumar manyan gasannin ƙwararrun mata), sai manyan gasanni na 250 da 500 da 1000, sannan Grand Slam guda huɗu: Australian Open, Roland Garros, Wimbledon da US Open. Matsayin mutum a duniya ya dogara da makin da ya tara a makonni 52 da suka gabata, kuma kowane maki yana zubewa idan shekararsa ta zagayo. Ba a ajiye maki a banki. Abin da ka ci bara, bana sai ka sake cin sa ko ka gangaro.

Ga lissafin da ya kamata kowane uba ya gani kafin ya sa hannu a komai. A 2023, gasar M15 gaba ɗayanta dala 15,000 ake rabawa. Wanda ya ci wasa 5 a jere ya ɗauki kofi ya tashi da dala 2,160, wanda aka fitar a zagayen farko kuma dala 156, kuɗin da ba za su biya otal ɗin kwana uku ba. A US Open na 2024, wanda aka fitar a zagayen farko ya tafi da dala 100,000, zakara kuma dala miliyan 3.6. Wato rashin nasara sau ɗaya a can sama ya fi kofi 40 a nan ƙasa. Amma gurbi 128 ne kacal a kowane Grand Slam, kimanin 104 na waɗanda matsayinsu ya kai su kai tsaye, 16 na waɗanda suka tsallake share fage, 8 na alfarmar masu gasar. Shi ya sa duk ɗan tanis ke mafarkin shiga sahun 100 na farko: nan ne sana'ar ta fara ciyar da mai ita da kocinsa har a samu rara.

Hukumar ITF da kanta ta yi bincike kan shekarar 2013. Ta gano kusan mutum 14,000 ne suka buga gasannin ƙwararru a shekarar, kuma sama da 6,000 daga cikinsu ko sisi ba su ci ba. Wurin da kuɗin shiga ke cimma kuɗin fita shi ne matsayi na 336 ga maza, na 253 ga mata, kuma wannan lissafin bai sa albashin koci a ciki ba. An samu ƙarin kuɗi tun daga lokacin. A 2024 ATP ta fara wani shiri mai suna Baseline, wanda ke cike wa ɗan wasa giɓi idan abin da ya ci a shekara bai kai wani adadi ba: a wannan shekarar, dala 300,000 ga sahun 100 na farko, 150,000 ga na 101 zuwa 175, 75,000 ga na 176 zuwa 250. Abin a yaba ne. Sai dai yaro mai shekara 18 da ke na 900 a duniya, wannan inuwa ba ta kai inda yake tsaye ba.

Hanyar kai tsaye

Hujjar masu cewa a tsunduma tana da ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Manyan zakarun wannan zamani babu wanda ya zauna a ajin jami'a. Rafael Nadal ya zama ƙwararre yana shekara 15, ya ci Roland Garros a 2005 yana 19. Carlos Alcaraz ya ci wasansa na farko na ATP a Rio a 2020 yana 16, ya ɗauki US Open a 2022 yana 19, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa hawa matsayi na ɗaya a maza. Jannik Sinner ya bar gidan iyayensa yana 13 ya koma Bordighera wajen koci Riccardo Piatti, bai ma ɓata lokaci sosai a gasannin yara ba. Iga Świątek ta ci Roland Garros a 2020 tana 19, Coco Gauff ta ci US Open a 2023 ita ma tana 19. Tun da John McEnroe, wanda ya yi shekara guda a Stanford, ya ci US Open a 1984, har zuwa ƙarshen 2025 babu namijin da ya biyo ta jami'a ya ɗaga kofin Grand Slam na ɗaiɗai. Shekara 41 ke nan, wannan ba tsautsayi ba ne.

Dalilin a fili yake. Wanda ya fita da wuri yana da yininsa gaba ɗaya don atisaye. Yana karawa da manyan maza masu shekara 28 waɗanda wasan shi ne abincinsu, kuma irin wannan karo yana koyar da abin da sa'anni ba za su koyar ba. Yana sabawa da filin jan ƙasa na Turai da Kudancin Amurka, inda ake buga gasa mai yawa a shekara, yana koyon zamiya da haƙurin musayar ƙwallo ashirin kafin a ci maki ɗaya. Yana kuma koyon rayuwar kanta: sauka a ƙasar da ba ka jin harshenta da tsakar dare, buga wasa da hantsi, shan kaye ranar Talata, sannan zaman jiran Litinin ta gaba. Kamfanonin raket da na kayan sawa su ma ƙuruciya suke saye. Ɗan shekara 17 da ke na 300 a duniya ya fi ɗan shekara 23 da ke na 200 daraja a idonsu.

Amma a duba abin da ke ƙarƙashin waɗannan sunaye. Alcaraz da gurbin alfarma ya shiga Rio, kuma tsohon na ɗaya a duniya, Juan Carlos Ferrero, ne ya fara horar da shi tun yana 15. Fonseca shi ma gurbin alfarma aka ba shi a garinsu. Emma Raducanu, kafin ta ba duniya mamaki a US Open na 2021, Wimbledon ce ta buɗe mata ƙofa da irin wannan gurbi. Ɗan ƙasar da ke da Grand Slam, ko ƙasa irin Italiya da Faransa da Sifaniya inda ake yin Challenger da yawa a gida, yana iya tara maki da jirgin ƙasa ko mota, kuma hukumar ƙasarsa na iya tura shi gaba. Wanda ƙasarsa ba ta da ko gasa ɗaya a shekara, kowane maki sai ya hau jirgin sama ya nemi biza. Shi ya sa wurare irin Monastir a Tunisiya, Antalya a Turkiyya da Sharm el-Sheikh a Masar suke cika da matasa: ana yin gasar ITF kusan kowane mako a wuri guda, mutum ya kama ɗaki ya zauna wata biyu yana nema. Wasu daga nan suke tashi. Da yawa kuma nan ƙarfinsu da kuɗin iyayensu ke ƙarewa. Djokovic kansa, da aka tura makarantar tanis ta Niki Pilić a Jamus yana 12, mahaifinsa bashi mai tsananin ruwa ya riƙa ci don ɗaukar nauyinsa. Labarin ya yi daɗi ne saboda yaron ya zama Djokovic.

Ko zama gwarzon yara ba ya ba da tabbaci. Donald Young na Amurka ya ci Australian Open na matasa a 2005 yana 15, ya gama shekarar yana na ɗaya a duniya cikin yara. Aka yi ta jefa shi cikin manyan gasanni da gurbin alfarma, aka yi ta lallasa shi. Ya yi sana'a mai tsawo, ya kai na 38, abin da dubbai za su yi murna da shi, amma ba abin da aka yi masa hasashe ba. Ons Jabeur ta Tunisiya ta ci Roland Garros na matasa a 2011, sai a 2017 ta shiga sahun 100. Shekara 6 tana hawa tana gangarowa kafin ƙofa ta buɗe, daga baya ta kai na 2 a duniya da wasan ƙarshe na Grand Slam har sau 3. Tambayar ita ce gida nawa ne za su iya ɗaukar shekara 6 irin waɗannan.

Akwai kuma wani haɗari da ba a cika son faɗa wa yara ba. Kwamitin bincike mai zaman kansa da hukumomin tanis suka kafa ya ba da rahoto a 2018 cewa sayar da wasa ya fi kamari a ƙananan gasanni. Ba abin mamaki ba ne. Wanda otal ke bin sa bashi, ya ci dala 156 a mako, idan ɗan caca ya zo masa da tayin ya zubar da zubi ɗaya, jarabawar ba ƙarama ba ce. Hukumar ITIA, mai yaƙi da maguɗi a tanis, tana dakatar da 'yan wasa kan wannan a kai a kai, wasu har abada.

Hanyar jami'a

Abin da jami'ar Amurka ke bayarwa shi ne ainihin abin da ɗan wasa na 900 ba ya iya saye: koci biyu ko uku, mai horar da ƙarfin jiki, likitan gashin ƙashi, filaye na ciki da na waje, raket da zare da takalma, jirgi da otal, abokan atisaye 8 ko 9 masu ƙarfi kullum. A babban rukuni na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, duk wannan makaranta ke biya, ga digiri a ƙarshe. Kuma ƙofar ba ta Amurkawa kaɗai ba ce, fiye da rabin 'yan tanis na wannan rukuni baƙi ne daga wasu ƙasashe. Nduka Odizor na Najeriya ta Jami'ar Houston ya biyo kafin ya kai zagaye na 4 a Wimbledon a 1983. Kevin Anderson na Afirka ta Kudu ya yi shekara 3 a Illinois. Mayar Sherif ta Masar ta gama a Pepperdine, ta zama 'yar ƙasarta ta farko da ta ci kofin WTA, a Parma a 2022. Nuno Borges na Fotugal ya yi shekara 4 cur a Mississippi State, a 2024 ya doke Nadal a wasan ƙarshe na Båstad, a kan jan ƙasa ma.

Wasan jami'a daban yake da na ƙwararru. Makaranta biyu ke karawa: wasa 3 na bibbiyu da ke ba da maki ɗaya, sai wasa 6 na ɗaiɗai da ake bugawa lokaci guda, wanda ya fara kai maki 4 ya ci. Idan aka yi kunnen doki 40 da 40 ba a ja, ƙwallo ɗaya ke raba gardama. 'Yan kallo ɗalibai ne, ihu suke yi ba kunya, koci kuma yana bakin fili yana magana. Masu sukar tsarin na cewa wannan hayaniya ce kawai. Ni ina ganin yaron da ya saba buga ƙwallon raba gardama alhali sakamakon makaranta duka na wuyansa ya koyi wani abu game da tsoro wanda filin otal marar 'yan kallo ba zai koya masa ba. Kuma yawan wasan bibbiyu ya sa jami'o'i sun zama masana'antar gwanayen wannan fanni: tagwaye Bob da Mike Bryan daga Stanford, Rajeev Ram daga Illinois, Joe Salisbury daga Memphis, Neal Skupski daga LSU, kowannensu ya ci Grand Slam.

Babbar ribar dai lokaci ce. Wasan maza ya koma na ƙarfin jiki ƙwarai. Zamanin da Boris Becker ya ci Wimbledon yana 17 a 1985, Michael Chang ya ci Roland Garros yana 17 a 1989, ya wuce. Yaro dogo da jikinsa bai gama haɗuwa ba, shekara 3 na ɗaga ƙarfe da cin abinci mai kyau ƙarƙashin kulawa na iya mai da shi wani mutum daban. John Isner ya yi shekara 4 a Georgia, ya fito a 2007 yana 22, ya kai na 8 a duniya, ya ci Miami a 2018, ya buga har 2023. Cameron Norrie ya yi shekara 3 a TCU, ya ci Indian Wells a 2021, shi ma ya kai na 8. Danielle Collins ta ci kofin NCAA sau 2 a Virginia, 2014 da 2016, ta gama digirinta, ta kai wasan ƙarshe na Australian Open a 2022. A Wimbledon na 2018 wasan kusa da na ƙarshe tsakanin tsofaffin ɗalibai biyu aka yi, Anderson da Isner, suka shafe sama da awa 6 da rabi, zubi na biyar ya tashi 26 da 24. Anderson ya ci, ya je wasan ƙarshe a gajiye, Djokovic ya doke shi. A wannan mako guda mutum zai ga iya nisan da hanyar jami'a ta kai mutanenta, da kuma wanda suka tarar a bakin ƙofa.

Gadar da ke tsakanin jami'a da sana'a ma an gyara ta. Tun 2023 ATP na ware wa 'yan jami'a da suka gama kakar wasa a sahun gaba gurabe a gasannin Challenger, don haka gwanin jami'a ba lallai ya faro daga M15 ba. A hutun bazara da na kaka kuma ɗalibai na buga gasannin ƙwararru suna tara maki.

To ina farashin? Na farko, karatu na gaske ne. Wanda makinsa na aji ya faɗi ba ya bugawa, kuma dokar NCAA ta ƙayyade atisaye da wasa na hukuma zuwa awa 20 a mako a lokacin kakar wasa. Na biyu, kusan komai a kan fili mai tauri ake yi, jan ƙasa sai dai a labari. Na uku, burin koci shi ne makaranta ta ci wasa ranar Asabar, ba wai kai ka zama na 50 a duniya nan da shekara 6 ba. Idan salon jira da mayar da ƙwallo ke kawo masa maki, zai iya barin ka a kai ko da salon ba zai yi aiki a gaban ƙwararru ba. Na huɗu, gwanin da ya fi kowa a jami'a yakan kai inda babu mai matsa masa. Steve Johnson ya rufe zamansa a USC da cin wasa 72 a jere, daga baya ya kai na 21 a duniya. Mutum na iya tambaya ko shekararsa ta ƙarshe a can ta ƙara masa wani abu.

Sai maganar kuɗi, wadda ke da ɗaci. Dokar da aka daɗe ana bi ita ce ɗalibi ba ya karɓar kyautar gasa fiye da abin da ya kashe. A 2023 Fiona Crawley ta Jami'ar North Carolina ta tsallake share fage ta shiga US Open, ta bar mafi yawan sama da dala 80,000 da ta ci don kada ta rasa damar buga wa makarantarta. A 2024 abokiyar wasanta Reese Brantmeier ta kai NCAA kotu kan wannan doka. Tun 2021 an yarda ɗalibai su ci kuɗin talla da sunansu, amma baƙon da ke kan bizar karatu dokar shige da fice ta ɗaure masa hannu a nan. Dokokin suna ta sauyawa a 'yan shekarun nan, don haka wanda zai tafi ya karanta ta shekarar da zai shiga, kada ya dogara da abin da wani ya gani shekara 5 da suka wuce.

Namiji da mace ba lissafi ɗaya ba

Shekaru da yawa ƙungiyar maza a babban rukuni tallafin karatu 4 da rabi kawai aka yarda ta raba wa 'yan wasanta, ta mata kuma 8 cikakku. Asalin wannan bambanci dokar Amurka ce ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta tilasta daidaita dama tsakanin maza da mata, ga shi kuma ƙwallon Amurka na maza na cinye gurabe masu yawa. Sakamakon shi ne yarinya mai hannu takan samu karatu kyauta gaba ɗaya, yaro kuma sau da yawa rabi ko kashi ɗaya cikin uku, iyaye su cika sauran. A 2025 an sauya tsarin ga makarantun da suka shiga sabuwar yarjejeniyar da NCAA ta cimma a kotu, aka koma ƙayyade yawan 'yan ƙungiya zuwa 10, amma izinin ba da tallafi daban, samun kuɗin bayarwa daban. A 2020 ma jami'o'i irin Iowa da Minnesota sun sanar da rushe ƙungiyoyin tanis na maza ɗungurungum.

A ɗaya gefen, mata sun fi saurin nuna kansu. Martina Hingis ta ci Australian Open tana 16 a 1997, Maria Sharapova ta ci Wimbledon tana 17 a 2004, Gauff ta doke Venus Williams a Wimbledon tana 15. Bayan abin da ya sami Jennifer Capriati, wadda ta fara sana'a a 1990 kafin ta cika 14 kuma ta durƙushe cikin 'yan shekaru, WTA ta ƙayyade yawan gasar da yarinya za ta buga kafin ta kai 18. Duk da haka, a shekara 18 yawanci an riga an ga inda yarinya ta dosa fiye da yadda ake gani a yaro. Wannan ya sa shawarar ta fi sauƙi: wadda ta riga ta kutsa, ta ci gaba. Wadda ba ta kutsa ba, tayin da ke gabanta a jami'a ya fi na takwaranta namiji tsoka, ga kuma Emma Navarro da Jennifer Brady da suka yi shekara biyu-biyu suka fito suka yi nisa a Grand Slam.

Ƙofar da ke rufewa

Abin da ya fi rinjayar da ni shi ne hanyoyin biyu ba su yi daidai ba wajen juyawa. Wanda ya shiga jami'a yana iya fita ranar da ya ga dama. Ben Shelton ya yi shekara 2 a Florida, ya ci kofin NCAA a 2022, ya fita. A Janairun 2023, tafiyarsa ta farko zuwa wajen Amurka a rayuwarsa, ya kai wasan dab da na kusa da na ƙarshe a Australian Open. Diana Shnaider kaka ɗaya ta yi a NC State, shekara ta gaba ta ci azurfa a wasan bibbiyu na Olamfik a Paris. Learner Tien zango ɗaya ya yi a USC. Babu wanda zaman ya rage wa komai a cikinsu.

Wanda ya fita kai tsaye kuwa, agogo na bugawa a bayansa. A dokar da aka daɗe ana bi a babban rukuni, ɗan tanis wata 6 aka ba shi bayan gama sakandare. Idan ya wuce haka yana buga gasanni bai shiga makaranta ba, sai a fara zaftare masa shekarun da zai buga. Sa hannu da wakili ko karɓar kuɗin da ya wuce ƙa'ida su ma na iya jawo matsala. Yaron da ya ce bari in gwada shekara 3, in bai yi ba in koma karatu, yakan dawo yana 21 ya tarar tallafin da aka yi masa tayi yana 18 babu shi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Don haka ga yadda zan raba su. Wanda yake 17 ko 18 kuma ya riga ya fara cin wasanni a Challenger, ba gurbin alfarma kawai yake shiga ana fitar da shi ba, yana doke manyan da ke tsakanin na 150 da 250, kuma akwai hukuma ko kamfani da ya sa hannu zai ɗauki nauyin koci da tafiya na aƙalla shekara 3, wannan ya tafi. Jami'a ba ta da abin da za ta ƙara masa, shi ne irin Fonseca. Sharuɗɗan biyu tare suke tafiya: hannu ba kuɗi zai maƙale a Monastir, kuɗi ba hannu zai ƙone su a can. Wanda gwanintarsa a gasannin yara take, yana cin wasa ɗaya ko biyu a M15, kuɗin kuma daga aljihun gida suke fita, wannan ya nemi jami'a, ko da iyayen na ganin za su iya shekara ɗaya ko biyu. Mafi yawan yara masu hannu sosai a wannan rukuni na biyu suke, har da waɗanda suka buga Wimbledon na matasa.

Wanda ya zaɓi jami'a kuma kada ya ɗauka duk ɗaya suke. Masu horarwa kan duba ma'aunin UTR, wanda ke auna ƙarfin ɗan wasa daga 1 zuwa 16.5 bisa waɗanda ya kara da su, sannan sakamakon sakandare da jarabawar Ingilishi, kuma sai an yi rajista da ofishin NCAA mai tantance cancanta. Rasit ɗin duk gasar da aka ci kuɗi a cikinta a adana shi, za a tambaya. Kafin a amsa wa kowace makaranta, a tambayi kocin 'yan wasansa nawa suka shiga sana'a a shekara 5 da suka wuce, ko yana barin ɗalibi ya ɗauki hutun zangon kaka ya je Challenger, ko tallafin na shekara 4 ne a rubuce ko duk shekara ake sabuntawa, da abin da zai faru da shi idan gwiwa ta tafi. A kuma tambaye shi a wane fili yake shirin sa yaron cikin filaye shida na wasan ɗaiɗai, waɗanda ake jerawa bisa ƙarfin 'yan wasa, domin wanda ke buga fili na 1 a matsakaiciyar makaranta yana haɗuwa da gwanin kowace jami'a duk mako, na fili na 6 a shahararriyar makaranta kuwa zai iya gama shekara 4 bai kara da ko ɗaya daga cikinsu ba.